Daga Raunin Gwiwa Zuwa Gudun Gajeren Zango Bayan Shekaru Sun Ja: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na maza da mata ne da suka haura shekara 40, 50 ko 60, waɗanda gwiwa ta taɓa ba su matsala, kuma suke son su fara ko su koma gudun gajeren zango, wato mita 60, 100 ko 200, don gasa ko don lafiyar jiki kawai. Bayanan da ke ciki ba za su maye gurbin likitan da ya duba gwiwar da hannunsa ba, amma za su taimaka wa mutum ya san abin da ya kamata ya tambaye shi.

Shin wanda shekarunsa suka ja zai iya komawa gudun gajeren zango bayan raunin gwiwa?

Da yawa suna iyawa, kuma shekaru su kaɗai ba su isa hujjar hana mutum ba. Hukumar World Masters Athletics, mai kula da guje-guje da tsalle-tsalle na manya a duniya, tana karɓar 'yan wasa tun daga shekara 35, tana raba su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, ta yadda ɗan shekara 62 da sa'o'insa zai kara. An yi gasar duniya ta farko ta manya a birnin Toronto na Kanada a 1975. Kim Collins na Saint Kitts da Nevis ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.93 a 2016 yana da shekara 40, Merlene Ottey kuma, haifaffiyar Jamaika, ta wakilci Sloveniya a tseren miƙa sanda a gasar Turai ta 2012 tana da shekara 52. A can ƙarshen layi akwai Hidekichi Miyazaki na Japan, wanda ya kammala mita 100 cikin daƙiƙa 42.22 a 2015 yana da shekara 105.

Waɗannan sunaye suna nuna nisan da jikin ɗan Adam zai iya kaiwa ne, ba su zama ma'aunin kowa ba. Abin da zai yanke hukunci ga kowane mutum shi ne irin raunin da ya samu, da ƙarfin da ya mayar wa ƙafar bayan raunin, da kuma lafiyar zuciyarsa.

Me ya sa ake matsa wa mutum ya san ainihin abin da ya lalace a gwiwar?

Saboda "ciwon gwiwa" suna ne da ya tara abubuwa da yawa waɗanda maganinsu ya sha bamban. A gwiwa ne ƙashin cinya ya hau kan ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuma yana zamewa a gabansu. Manyan jijiyoyi huɗu ne suke ɗaure ƙasusuwan: biyu a gefe da gefe, biyu kuma sun gitta juna a tsakiya, ta gaba daga cikinsu ita ce wadda likitoci suke kira ACL. Tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ake kira meniskus, su ne suke rarraba nauyi, sannan akwai wani guringuntsin mai santsi da ya lulluɓe kawunan ƙasusuwan.

Jijiyar gefen ciki tana samun jini sosai, don haka galibi takan warke da kanta cikin makonni ba tare da tiyata ba. Meniskus kuwa bakinsa na waje ne kawai jini yake kaiwa, shi ya sa yagewar da ta faru a tsakiyarsa ba kasafai take haɗewa ba. Ciwon da ke zaune a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wanda yake tashi idan an yi tsalle ko an sauko daga matakala, sau da yawa na jijiyar da ta haɗa ƙoƙon da ƙwauri ne, kuma maganinsa ɗora mata nauyi a hankali, dogon hutu bai cika yi mata amfani ba. Wanda bai san wanne yake fama da shi ba yana iya shafe watanni yana yi wa ciwonsa maganin ciwon wani.

Waɗanne alamomi ne suke buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba?

Idan mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu bayan raunin, ko ya kasa lanƙwasa gwiwar zuwa yadda take idan an zauna a kujera, ana buƙatar hoton ƙashi domin a tabbatar babu karaya, kuma ƙa'idar Ottawa da likitoci suke bi ta sanya duk wanda ya kai shekara 55 cikin waɗanda za a yi wa hoton bayan sabon rauni. Haka nan idan an ji ƙara a cikin gwiwar sannan ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan, ko ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko tana gocewa kamar za ta kayar da mai ita, ko kuma mutum ya kasa ɗaga ƙafar a miƙe yana kwance. Gwiwar da ta yi zafi ta kumbura tare da zazzaɓi tana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar, wannan kuwa ba a kwana da shi. Bayan tiyata ko dogon kwanciya, kumburi da ciwo a sharaɓa, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, suna iya nuna daskarewar jini a jijiya, kuma asibiti ake nufa nan take.

Hoton MRI, wato hoton asibiti mai nuna jijiyoyi da guringuntsi, ya nuna meniskus ɗina ya yage. Tiyata ta zama dole ke nan?

Ba lallai ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsorata ba gaira ba dalili. Wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, aka wallafa a 2008, ya ɗauki hoton gwiwoyin mutane masu shekara 50 zuwa 90 ba tare da la'akari da ko suna jin ciwo ba. An ga yagewa ko lalacewar meniskus a kashi 19 cikin 100 na mata masu shekara 50 zuwa 59, da kashi 56 cikin 100 na maza masu shekara 70 zuwa 90, kuma kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka ga yagewar a gwiwarsu ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabaci hoton. Wato yagewar da hoto ya nuna tana iya kasancewa ta daɗe a wurin, ba ita ce take haddasa ciwon yau ba.

A 2013 masu bincike a Finland suka ƙara matsawa gaba. Sun ɗauki marasa lafiya 146 masu shekara 35 zuwa 65 da meniskus ɗinsu ya yage saboda daɗewa, aka yi wa wasu tiyatar datse yagaggen wurin, wasu kuma aka shiga da su ɗakin tiyata aka kwaikwayi aikin ba tare da an datse komai ba. Bayan shekara guda ɓangarorin biyu sun samu sauƙi daidai wa daida. Wani gwajin a Norwe a 2016 ya nuna cewa motsa jiki na mako 12 ƙarƙashin kulawar ƙwararre ya kai tiyata amfani bayan shekara biyu, ya kuma fi ta ƙara wa cinya ƙarfi a watannin farko.

Wannan bai sa tiyata ta zama banza ba. Gwiwar da ta maƙale saboda yagaggen yanki ya shiga tsakanin ƙasusuwa, da yagewar da ta faru farat ɗaya sakamakon murɗewa mai tsanani, da wadda ta tsinke daga tushen meniskus, duk suna cikin abubuwan da likitan ƙashi zai iya ba da shawarar a ɗinke ko a gyara. Tambayar da ta dace a yi masa ita ce ko yagewar ta daɗewa ce ko ta rauni, da kuma abin da za a rasa idan aka fara gwada motsa jiki na wata uku.

Idan jijiyar ACL ce ta tsinke fa?

Gudun gajeren zango galibi a miƙe yake tafiya, babu juyi kwatsam irin na ƙwallon ƙafa, don haka wasu suna iya yin sa da gwiwar da ba a dasa mata sabuwar jijiya ba, muddin ba ta gocewa. Wani gwaji a Suwidin da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa fara motsa jiki, a bar tiyata sai an ga buƙatarta, bai haifar da sakamako mafi muni ba, kuma kusan rabin waɗanda suka bi wannan hanya ba su yi tiyatar ba har bayan shekara biyar. Sai dai matasa ne aka yi gwajin da su.

Wanda aka yi wa dashen ya sani cewa jijiyar da aka dasa takan yi rauni a watanni biyu zuwa uku na farko, lokacin da jiki yake sake gina ta, kuma daidai wannan lokacin ne ciwo yake lafawa mutum ya fara jin kamar ya warke. Binciken haɗin gwiwa na 2016 tsakanin masu bincike a Delaware ta Amurka da Oslo ta Norwe ya gano cewa kowane wata guda da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata tara bayan tiyata, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Wata 9 zuwa 12 shi ne abin da aka saba faɗa wa matasa, babu kuma dalilin da zai sa dattijo ya yi tsammanin zai riga su.

A kwanakin farko, hutu ya fi ko motsi?

Kwana biyu ko uku na rage takawa, da ɗaga ƙafar sama, da naɗe gwiwar da bandeji, suna da amfani. Ƙanƙara tana rage zafi, amma ba ta hanzarta warkewa, har ma likitan da ya fito da shahararriyar shawarar hutu da ƙanƙara a 1978, Gabe Mirkin, ya sassauta matsayinsa a 2014. Bayan waɗannan kwanaki, motsi ne magani. Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyoyin jini, yana samun abin da zai raya shi ne daga ruwan gaɓa, kamar soso da ake matsawa a saki ya tsotsi ruwa, saboda haka gwiwar da aka bari a kwance makonni tana ƙara lalacewa ne.

Abubuwa biyu ake fara nema. Na farko gwiwar ta miƙe sarai, har bayanta ya taɓa shimfiɗa idan an kwanta, domin wanda ya rasa ko da ɗan kaɗan na miƙewar zai dinga ɗingishi, kuma dawo da ita daga baya yana da wuya. Na biyu tsokar gaban cinya ta farka. Idan ruwa ya taru a gwiwa, jiki da kansa yakan rage saƙon da yake aika wa wannan tsoka, sai mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, ya yi niyyar ɗaure cinyar, ya zuba mata ido, amma ƙoƙon gwiwar ko motsi bai yi ba. Cikin makonni kaɗan cinyar takan rame har a gani da ido idan an jera ta da 'yar'uwarta.

Ciwon ya daina gaba ɗaya. Me zai hana in fara gudu gobe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, domin a wannan gaɓar ce akasarin mutane suke komawa gidan jiya. Ɗaukewar ciwo tana nufin gwiwar ta iya ɗaukar nauyin tafiya da zama da tashi. Gudu da iyakar ƙarfi wani abu ne dabam: a kowane taku ƙafa ɗaya ce take karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau uku ko fiye, cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Idan tsokokin cinya da ɗuwawu da sharaɓa ba su da ƙarfin tare wannan nauyi, gaɓar ce za ta sha shi. Kalanda ba ta san wannan ba, haka ma tunawa da irin gudun da mutum yake yi yana ɗan shekara 20, wanda a ganina shi ne babban abokin gabar dattijon ɗan tsere.

Masu gashin ƙashi suna amfani da gwaje-gwaje maimakon ƙirga kwanaki. Kafin sassarfa, ana so gwiwar ta miƙe ta lanƙwashe sosai, babu kumburi, mutum ya yi tafiyar sauri ta minti 30 ba ɗingishi, ya sauko daga matakala ba tare da dafa bango ba, ya tashi daga kujera da ƙafa ɗaya sau da dama gwiwar ba ta karkata ciki ba, ya kuma ɗaga dunduniya a kan ƙafa ɗaya kamar sau 20. Ƙarfin cinyar da ta ji rauni ya kai aƙalla kashi 70 cikin 100 na lafiyayyar. Kafin gudu da iyakar ƙarfi kuwa, kashi 90 cikin 100 ake nema, a ƙarfi da kuma nisan tsalle da ƙafa ɗaya. A lura cewa lafiyayyar ƙafar ma takan yi rauni a watannin jinya, don haka daidaituwar raunanan ƙafafu biyu ba abin murna ba ne.

Wane irin ciwo ne ba laifi a ji yayin atisaye?

Idan aka auna ciwo daga 0 zuwa 10, abin da bai wuce 3 ba yayin motsa jiki galibi karɓaɓɓe ne, da sharaɗin bai sa mutum ɗingishi ba kuma ya lafa cikin sa'a 24. Alƙali na gaskiya shi ne safiyar washegari. Idan an tashi gwiwar ta yi nauyi, ramukan da ke gefen ƙoƙonta sun cike, tsugunno ya gagara, to aikin jiya ya yi yawa, sai a koma matakin baya na 'yan kwanaki. Ciwo mai suka, ko maƙalewa, ko gocewa, dalili ne na tsayawa nan take.

Me tsufa yake yi wa gudun mutum?

Daga shekara 30 tsoka takan ragu da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 60. Ba kowane zaren tsoka ne yake raguwa daidai da ɗan'uwansa ba: zare mai saurin ɗaurewa, wanda da shi ake tsalle da zabura, shi ne ya fi motsewa, musamman ga wanda ya daina kiran sa aiki. Binciken da Marko Korhonen da abokan aikinsa suka yi kan dattijan 'yan tsere a Finland ya nuna cewa abin da ya fi rage musu gudu shi ne gajarcewar taku da daɗewar ƙafa a ƙasa, yawan takun kuwa bai cika raguwa ba sai tsufa ya yi nisa. Ma'anar wannan ga mai atisaye ita ce, ƙarfin ture ƙasa ne yake tafiya, kuma shi ana iya dawo da wani sashe nasa. A 1990 an wallafa sakamakon wani gwaji a Boston, inda tsofaffi masu shekara 86 zuwa 96 suka yi atisayen ɗaga nauyi na mako takwas, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici.

Jijiyoyi ma suna canzawa, kuma sun fi tsoka jinkirin sabawa da sabon aiki. Tsoka tana iya nuna ci gaba cikin makonni kaɗan, jijiya kuwa takan buƙaci kamar wata uku. Wannan tazara ce take sa mutum ya ji ƙarfi a jikinsa alhali agararsa ba ta shirya ba.

Wane atisayen ƙarfi ne ya fi dacewa?

Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Ana farawa da tashi da zama a kujera, da hawa da sauka a kan mataki ɗaya, da ɗaga ƙugu ana kwance rigingine, sannan a matsa zuwa tsugunno da nauyi, da tsugunno ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, da sunkuyawa daga ƙugu ana riƙe da ƙarfe, da ɗaga dunduniya a tsaye da a zaune. Kuskuren da ya yawaita shi ne tsayawa a kan nauyi mara yawa har abada saboda tsoro. Nauyin da za a iya ɗagawa sau 30 ana hira ba zai shirya ƙafa ga gudu ba. A hankali ake kaiwa ga wanda za a ɗaga sau 6 zuwa 10, na ƙarshe ya zo da ƙyar amma tsayuwar jiki ba ta lalace ba. Bayan ƙarfi ya samu sai a shigo da ƙananan tsalle-tsalle, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ƙafa ɗaya. Tsoka ba ta ginuwa sai da isasshen barci da furotin, kuma ana ba tsofaffi masu lafiya shawarar giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, masu atisaye sosai fiye da haka, sai dai mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likitansa.

Ta yaya ake hawa daga tafiya zuwa gudu da iyakar ƙarfi?

Mataki-mataki, kuma ba a barin mataki sai gwiwa ta amince da shi mako biyu ko uku a jere. Da farko tafiya da sassarfa ake cakuɗawa, minti ɗaya na sassarfa, minti biyu na tafiya, a fili mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe. Ba sai ɗan gajeren zango ya iya sassarfar kilomita goma ba, minti 15 zuwa 20 ba ciwo ya isa shaida. Daga nan sai gudu mai sassauci na mita 40 zuwa 60, da kamar kashi 60 ko 70 cikin 100 na ƙarfi, kafaɗu a sake, haƙora ba a cije ba, a dawo da tafiya.

Mataki na gaba, gajeren gudu a kan tudu mai ɗan gangare, mita 10 zuwa 20. Hawan tudu yana tilasta wa jiki ya tura da ƙarfi amma yana hana shi kaiwa ƙololuwar sauri, kuma ƙafa ba ta faɗowa daga nesa. A sauko da tafiya, domin gudun gangara yana wahalar da gwiwa ƙwarai. Bayan tudu sai zabura a fili, mita 10, 20, sannan 30. Gudu da cikakken sauri shi ne na ƙarshe, kuma hanyar da ta fi aminci ita ce a tattara saurin a hankali cikin mita 20 ko 30, a riƙe shi na mita 10 zuwa 20 kawai, sannan a sauke shi a doguwar tazara. Tsayawa cak bayan gudu ya fi gudun kansa matsa wa gwiwa lamba, saboda haka a bar wa kai fili mai yawa bayan layin ƙarshe.

Kowane zama yana farawa ne da ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20, dattijo kuma bai kamata ya yi rowar wannan lokaci ba ko da yana sauri.

Sau nawa a mako, kuma hutun minti nawa tsakanin gudu da gudu?

Sau ɗaya ko biyu, da tazarar sa'a 48 zuwa 72 a tsakani. Makamashin da tsoka take zabura da shi yana ƙarewa cikin kamar daƙiƙa 10, cikarsa kuma tana ɗaukar mintuna, shi ya sa masu horarwa suke da ƙa'idar hutun minti ɗaya ga kowane mita 10 da aka yi da ƙarfi. Gudu huɗu zuwa shida masu kyau sun fi goma da aka yi a gajiye. Da zarar sauri ya fara raguwa ko ƙarar taku ta yi nauyi, aikin ranar ya ƙare.

Ba a ce gudu yana cinye gwiwa ba?

An daɗe ana faɗa, amma alƙaluma ba su goyi bayan maganar yadda ake zato ba. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya samu amosanin gwiwa ko na kwatangwalo a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don nishaɗi, da kashi 10.2 na marasa motsa jiki, da kashi 13.3 na masu gasa a babban mataki. Dole a yi adalci a ƙara da cewa yawancin waɗannan masu dogon gudu ne, kuma gwiwar da ta taɓa samun babban rauni, kamar tsinkewar ACL ko cire meniskus, haɗarin amosaninta ya fi na sauran ko an yi gudu ko ba a yi ba. Abin da ke hannun mutum shi ne ƙarfin cinya da nauyin jiki. Bincike ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku na tafiya.

Gwiwar ta warke, sai ga bayan cinya ya tsage. Me ya kawo haka?

Hakan yana yawan faruwa, domin a watannin jinya hankali yana kan gwiwa, sauran ƙafar kuma tana zaune ba aiki. Tsokar bayan cinya ita ce ta fi jin rauni a gudun gajeren zango, galibi a daidai lokacin da ƙafa ta miƙa gaba tana shirin sauka, tsokar tana miƙewa kuma tana taka birki a lokaci guda. Wanda aka ɗebi jijiyar dashen ACL daga bayan cinyarsa ya fi kowa buƙatar kula da ita. Akwai atisayen da ake durƙusawa, wani ya danne idon sawu, mutum ya dinga kifawa gaba a hankali yana riƙe kansa da bayan cinya har sai ya kai hannu ƙasa. Nazarin 2019 ya nuna yana rage wannan rauni da kusan rabi a tsakanin 'yan wasa, amma yana da tsanani, kuma wanda durƙuso yake dame shi zai iya maye gurbinsa da jan dunduniya a kan santsi yana kwance. Ga masu shekaru, sharaɓa da agara su ne na biyu a jerin, shi ya sa ɗaga dunduniya da nauyi ba abin wasa ba ne.

Zuciya fa?

Duk wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ko yake da hawan jini, ciwon sukari, ciwon ƙoda ko tarihin ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya fara gudu mai tsanani. Ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, suma, ko bugun zuciya mara tsari yayin atisaye alamomi ne na a tsaya a nemi taimako. Lissafin cire shekaru daga 220 don sanin iyakar bugun zuciya ƙiyasi ne kawai, kuma wasu magungunan hawan jini suna rage bugun, don haka agogon hannu ba zai zama alƙali ba.

Allurar gwiwa da magungunan kashe zafi za su taimaka?

Allurar kotizon tana kwantar da kumburi na 'yan makonni, wani lokaci hakan yakan ba mutum damar fara motsa jiki. Maimaita ta kuwa akwai abin dubawa: a gwajin da aka wallafa a Amurka a 2017, waɗanda aka yi wa ita duk bayan mako 12 har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi, ciwonsu kuma bai fi na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri sauƙi ba. Shan maganin kashe zafi kafin gudu yana toshe bakin gwiwar a lokacin da ake buƙatar jin ta bakinta, ga kuma illarsa ga ciki da ƙoda. Maganin ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin yana ƙara haɗarin tsinkewar agara, musamman ga waɗanda suka haura 60, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kansa a 2008. Mai niyyar shiga gasa ya sani cewa dokokin hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari suna aiki a kan manya ma, kuma wasu magungunan da likita yake rubutawa, kamar testosteron da wasu masu sa fitsari, suna cikin jerin haramtattu sai da izini na musamman.

An sa mini gwiwar ƙarfe. Ina da rabo a wannan wasa?

Akasarin likitocin tiyata ba sa ba da shawarar gudu da tsalle bayan sauya gwiwa gaba ɗaya, saboda gudun saurin cinyewar robar da ke tsakanin ƙarafan ko sassautawarsu daga ƙashi. Wanda yake son aikin sauri zai iya samun sa a kan keken motsa jiki, ko a ruwa, ta hanyar zabura na daƙiƙa 10 zuwa 15 da dogon hutu. Hukuncin ƙarshe na likitan da ya yi aikin ne.

Yaushe za a sa takalmi mai ƙusoshi, a kuma tashi daga tsugunne kamar yadda ake yi a gasa?

Su ne na ƙarshe a jerin. Takalmi mai ƙusoshi ba shi da tudu a dunduniya, yana kuma riƙe ƙasa gam, don haka nauyin yana komawa kan sharaɓa da agara. A fara sa shi a gudu ɗaya ko biyu na ƙarshen zama, a ƙara a hankali cikin makonni. Tashi daga tsugunne yana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe sosai sannan ta ture da ƙarfi, kuma dokokin gasar manya ba su tilasta shi ba: ɗan tsere yana da damar tashi daga tsaye, ba tare da matokaran ƙafa ba. Mai son mita 200 ya tuna cewa ana zagaya fili ta hannun hagu ne, kwanar tana murɗa ƙafa ta yadda miƙaƙƙen layi ba ya yi, kuma layukan ciki sun fi matsewa. A atisaye ya fara da layukan waje da matsakaicin sauri, idan gwiwar ta kwana lafiya sau da dama, sannan ya matso ciki.